Ku Tambayi Ungozoma: Yaya zan jure ciwon naƙuda?

Yawancin wasiƙun wannan makon daga masu juna biyu ne da watansu ya kusa, kuma damuwarsu ɗaya ce: ciwon naƙuda. Ungozomar wannan fili ta zaɓi guda huɗu ta amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Cikina na fari ne, ina cikin wata na tara. Ina so in haihu da kaina, amma labaran da nake ji sun hana ni barci. Don Allah yaya ciwon yake, kuma me zan yi idan ya taso? Daga mai cikin fari.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, naƙuda tana da zafi. Sai dai akwai abin da masu ba ki labari ba su cika faɗa ba: ciwon ba a jere yake ba. Mahaifa tsoka ce, tana matsewa don ta ja bakinta ya buɗe har santimita 10, sannan ta saki. Kowace murɗawa tana farowa a hankali, ta yi tsanani, ta lafa. Ko da naƙuda ta yi nisa, murɗawa ɗaya ba ta cika wuce sakan 60 zuwa 90 ba. Idan tana zuwa duk bayan minti 5 tana ɗaukar minti 1, kin ga a cikin awa guda minti 12 ne na ciwo, 48 na hutu. Wannan hutun shi ne abin da mata da yawa ke asararsa, suna kwance a ɗarare suna jiran ta gaba. Da ta lafa, ki saki kafaɗunki, ki buɗe tafin hannu, ki kurɓi ruwa, ki rufe ido.

Tsoro yana da nasa illar a jiki. Yana sa a fitar da sinadarin adrenalin, shi kuma yana danne oksitosin, sinadarin da ke tafiyar da naƙuda. Sai aikin ya yi ta jan ƙafa, tsokokin mara da cinya su ƙame, ciwon ya ƙaru. Numfashi ne hanya mafi kusa ta karya wannan. Da kin ji cikin ya fara tauri, ki ja iska ta hanci kina ƙirga 4, ki fitar ta baki a hankali kina ƙirga 6 ko 8, kamar mai hura abinci mai zafi. Fitarwar ce mai muhimmanci, ta fi shaƙa tsawo. Ki sassauta muƙamuƙi, kada ki cije haƙora. Ki fara gwadawa tun yau, minti 10 safe da dare, don ranar ba ranar koyo ba ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haki da sauri-sauri. Yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai jiri ya ɗebe ki, yatsu da leɓe su fara tsikari. Idan haka ta faru, ki haɗa tafukan hannu ki rufe hanci da baki, ki yi numfashi a ciki sau biyar ko shida a hankali, zai wuce.

Kada ki kwanta rigingine. Nauyin ciki yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, ke ki ji jiri, jinin da ke zuwa wa jariri ya ragu, ciwon baya kuma ya ƙaru. Ki yi tattaki, ki jingina da bango kina juya ƙugu, ki durƙusa ki kifa ƙirji a kan kujera. Idan kin gaji, ki kwanta a gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi. Ki riƙa sauya yanayi duk rabin awa ko makamancin haka, ki riƙa fitsari aƙalla duk awa biyu, domin cikakkiyar mafitsara tana tare wa kan jariri hanya.

Farkon naƙuda yakan daɗe, a cikin fari har yakan kai yini da kwana. Idan da dare ta fara, ki yi ƙoƙarin barci. Wanka da ruwan ɗumi yana taimakawa sosai, amma ɗumin kada ya wuce na jiki. Ana lissafin tazara daga farkon murɗawa zuwa farkon ta gaba. Idan ta koma duk minti 5, kowace tana kai minti 1, aka shafe awa guda a haka, ki kama hanyar asibiti. Mai nisan gida, ko wadda ta taɓa haihuwa, ko wadda aka taɓa yi wa aiki, ba za ta jira wannan ba.

Tambaya: Malama, a haihuwar da ta gabata matata ta ce duk azabar a bayanta take, ba a mara ba. Yanzu watanta ya tsaya. Me zan iya yi mata? Daga wani maigida.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ka yi wannan tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta ce a bar mai naƙuda ta kasance da wanda ta zaɓa a kusa da ita, domin matan da ke da mai tsaya musu sun fi samun sauƙi, kuma ba su cika neman maganin kashe zafi ba. Idan asibitinku ba ya barin maza su shiga, ka koya wa wadda za ta raka ta abin da zan faɗa.

Ciwon baya mai tsanani sau da yawa yana zuwa ne idan ƙeyar jariri ta juya wajen bayan uwa, tana danna ƙashin tsatso. Ta yi rarrafe a kan katifa, gwiwoyi a ware. Ka nemo faffaɗan ƙashin nan da ke ƙasan gadon baya, sama da mazaunai kaɗan. Da murɗawa ta taso, ka ɗora gindin tafin hannunka a wurin, ka danna da nauyin jikinka, hannu a miƙe, ka tsaya a haka har ta lafa. Dannawa ake so, ba shafawa ba. Shafa sama-sama a wannan lokacin ɓata wa mace rai take yi. Wata dabarar ita ce ka kama ƙasusuwan ƙugunta ta gefe biyu ka matso su ciki, ka ɗan ɗaga sama. Ita za ta gaya maka inda ya fi, ka bi maganarta. Tawul mai ɗumi a bayan yana taimakawa, amma ka fara gwada shi a damtsenka kada ya ƙone ta.

Kada ka yi mata tambaya tana tsakiyar ciwo. Kada kuma kowa ya danna mata saman ciki wai don a taimaka wa jariri ya sauko, wannan yana iya yi wa uwa da ɗa mummunar illa.

Tambaya: An ce mini mai ihu ƙarfinta ƙarewa yake, kuma ba a cin komai a naƙuda. Sannan da na ji kamar kashi sai in fara nishi? Daga wata baiwar Allah.

Amsa: 'Yar uwa, fitar da murya ba laifi ba ne. Ƙara mai tsini ce ke ɗaure maƙogwaro ta gajiyar da ke. Ki mayar da ita gurnani mai kauri tare da fitar numfashi, wannan yana sakin jiki. Mai lafiyayyen ciki tana iya shan ruwa da cin abu marar nauyi, sai dai idan likita ya hana saboda yana ganin za a iya shiga tiyata.

Batun nishi yana son kulawa. Jin kamar kashi alama ce kan jariri ya sauko, amma wani lokaci yana riga bakin mahaifa gama buɗewa. Idan kika dage da nishi a kan bakin da bai gama ba, yana iya kumbura ko ya tsage, naƙuda ta ƙara tsawo. Ki gaya wa ungozoma ta duba. Idan ta ce da saura, ki kwanta a gefe ki riƙa fitar da iska gajere-gajere har yunƙurin ya wuce. Daga santimita 8 zuwa 10 nan ne wuri mafi wuya: karkarwa, amai, jin cewa ba za ki iya ba. Mafi yawan lokaci shi ne kuma mafi gajarta. Idan kai ya fara leƙowa za ki ji raɗaɗi a gaba. Ungozoma za ta ce ki daina nishi ki yi numfashi sama-sama, ki saurare ta, domin fitowar kai a hankali ce ke rage ƙari.

Tambaya: Anti, an kawo mini wani jiƙo da ƙwaya wai suna sa naƙuda ta yi sauri. In sha? Kuma idan na nemi allurar kashe zafi, na gaza ke nan? Daga uwar biyu.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki sha. Duk abin da ke tayar da naƙuda ba tare da awo ba yana iya sa murɗawa ta wuce 5 a cikin minti 10. A lokacin hutu ne jini ke komawa mabiyiya ya kai wa jariri iska. Idan babu hutu jariri ya galabaita, mahaifa kuma tana iya fashewa, musamman ga mai tabon aiki ko wadda ta haihu da yawa. Ki guji ibuprofen da diclofenac a ƙarshen ciki. A farkon naƙuda parasitamol ya halatta, ƙwaya 2 masu miligiram 500, tazarar awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24.

Neman sauƙi kuwa ba gazawa ba ce, haƙƙinki ne, kuma wadda aka yi wa allura ta haihu da kanta haihuwa ta yi. Allurar pethidine tana rage kaifin ciwo, amma tana sa barci da tashin zuciya, kuma idan aka yi ta dab da haihuwa tana iya rage wa jariri ƙarfin numfashi, shi ya sa ake duba ki kafin a yi. Akwai iskar da ake shaƙa, wadda take ɗaukar sakan 15 zuwa 20 kafin ta kama, don haka tun farkon murɗawa ake fara zuƙa. Allurar baya ita ta fi kashe ciwo, sai dai tana buƙatar likitan sa barci, tana iya saukar da bugun jini, ta ɗan ƙara tsawon lokacin nishi. Ki tambaya tun a wurin awo wanne asibitinku ke da shi.

Akwai kuma ciwon da ba a jure masa. Idan ciki ya ƙame ya ƙi saki, ciwo babu hutu. Idan jini ya ɓalle. Idan faya ta fashe ruwan ya fito kore ko mai wari, ko cibiya ta leƙo. Idan motsin jariri ya ragu. Zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi ko jijjiga. Ko naƙuda ta taso kafin mako 37, a tafi asibiti nan take. Haka ma idan aka shafe awa 12 ana naƙuda mai ƙarfi babu haihuwa: wataƙila kan jariri ne ya maƙale, kuma jinkiri a nan shi ke jawo yoyon fitsari da rasa jariri. Faya ko da ruwanta fari ne, ko babu ciwo, a je a duba ki a ranar.