Ka rage naira ɗari ciniki ya ƙaru, to riba fa?

"Alhaji, makon da ka bar mini shago na rage naira 100 a kan kwanon sukari, daga 4,000 zuwa 3,900. Da kwano 30 muke sayarwa a rana, sai ga shi mun kai 36. A Poli an koya mana cewa shi ma kasuwanci ana binsa da hanyar binciken kimiyya: ka lura, ka yi zato, ka gwada, ka yanke hukunci. Ni a ganina na gwada kuma ya yi. Mu bar farashin a haka?"

Ɗauko kalkuleta tukuna, yarona. Buhun nan ya tsaya mana 72,000 har da kuɗin dako, kuma kwano 20 yake bayarwa in ba a yi ɓari ba. Kowane kwano uwar kuɗinsa 3,600 ke nan. A tsohon farashi ribar kwano 400, sau 30, ya ba ka 12,000 a rana. A naka farashin riba ta koma 300, sau 36, ya ba ka 10,800. Ka fi da shan wahalar awo, ka ƙara cin leda, aljihu kuma ya ragu da 1,200 kullum. Kafin ka dawo inda muke da, sai ka sayar da kwano 40. Naira ɗarin da ka raina a kan 4,000, rubu'in ribarka ce ɗungurungum.

Abin da malamanku suka faɗa gaskiya ne, kuma yana aiki a babbar kasuwar Katsina kamar yadda yake aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai kai matakin farko ka taka, ka ɗauka ka kai ƙarshe. Ka lura da wani abu. Ba ka gwada komai ba tukuna.

Fara da tambayar. "Rage kuɗi zai ƙara ciniki?" ba tambaya ba ce, kowa ya san zai ƙara, ko kyauta ka raba za a yi layi. Tambayar da ke da amfani ita ce wadda littafi zai iya ƙaryatawa: "In an rage naira 100, ribar mako ta sukari da kayan da ake saye tare da shi za ta wuce ta da." Na ce tare da kayan da ke binsa, don mai shayi da ya shigo saboda arahar sukari zai iya haɗawa da madara da ganyen shayi da Bournvita. Idan ribar waɗannan ta rufe 1,200 ɗin nan har ta bar saura, ragin ya biya kansa. Idan kuwa sukarin kawai suke ɗauka su tsallaka su sayi madara a wani shago, mun zama masu yi wa maƙwabta talla. Rubuta wannan zato a shafin farko da biro, ka sa kwanan wata, ka rubuta adadin da in ba a kai shi ba ka yarda ka faɗi. Dalilin rubutawa tun farko shi ne, mutum in ya ga sakamako sai zuciyarsa ta ɗinka masa hujja daidai wuyansa.

Sai babbar matsala: me ya tabbatar maka ragin ne ya kawo ƙarin kwano shida? Duba kalanda. Makon nan naka ya faɗo a ƙarshen wata, kuma Katsina gari ne na ma'aikatan gwamnati, ranar da albashi ya shiga ko gishiri sai ya yi gudu. Ƙara da cewa sanyi ya shigo, masu shayi sun ƙara tukunya. Ka tambaya ko maƙwabcinmu kayansa sun yanke a kwanakin? An yi biki a unguwa? 'Yan sari daga Jibiya ko Batsari sun shigo? Ɗaliban jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa sun dawo daga hutu? Kowanne cikin waɗannan zai iya ɗaga ciniki ba tare da ka taɓa farashi ba. Manyan abubuwa ma haka suke. Wanda ya kwatanta cinikinsa na kafin Agustan 2019 da na bayan rufe iyakoki, ko na watan Fabrairun 2023 lokacin ƙarancin takardun naira da na watan da ya gabace shi, ko na kafin cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da na bayansa, ba dabararsa yake aunawa ba, guguwar ƙasa yake aunawa.

Maganin wannan tsohon abu ne. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce, ya jera fitilu a gaban ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa. Ya rufe fitila ɗaya, ɗigon haske ɗaya ya ɓace a bango. Ya buɗe, ya dawo. Abu ɗaya ya taɓa, sauran ya bar su yadda suke, shi ya sa ya san wace fitila ce ta yi wane haske. Kai ma abu ɗaya za ka canza. Kada ka rage kuɗi a makon da ka matso da buhun bakin ƙofa, ko ka fara kiran mutane a WhatsApp. In ka haɗa uku ciniki ya tashi, ba ka san wanda za ka gode wa ba.

Ga yadda za a yi. Mako takwas za mu ɗauka, huɗu a 4,000, huɗu a 3,900. Ba huɗun farko da huɗun ƙarshe ba, a cakuɗe. Cikin mako takwas akwai makon albashi biyu: ɗaya ya tafi tsohon farashi, ɗaya sabo. Sauran shidan ka rubuta su a 'yan takardu, ka naɗe, ka zuba a hula, yaron dako ya zaro uku. Kada ka zaɓa da kanka, don ba da saninka ba za ka ba farashin da kake so makonni masu kyau. Wannan dabara ta jefa ƙuri'a wani Bature mai suna Ronald Fisher ne ya kafa ta a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, a shekarun 1920, da ya ga in mutum ya zaɓi fegin da zai zuba wa taki da idonsa, ba a rarrabe aikin takin da kyawun ƙasar. Mako nake cewa ba rana ba, saboda in yau 4,000 gobe 3,900 jibi 4,000, mutane za su gane su riƙa jiran ranar araha. Kuma kada ka kuskura ka sayar wa mutum biyu farashi biyu a rana ɗaya da sunan gwaji. Za su haɗu a masallaci. Sannan kada makonnin nan su shiga ƙarshen Sha'aban ko azumi ko jajiberin salla. Sukari a azumi ba ya bukatar dabarar kowa.

Littafin kuma a yi masa layi-layi: kwanan wata, farashin ranar, kwano nawa ya fita, mutum nawa suka saya, nawa aka biya hannu, nawa ta POS ko tiransifa, nawa bashi, kayan da aka haɗa da sukarin, da fili ɗaya na abin da ya faru a ranar, ruwan sama ne, rasuwa ce aka rufe da wuri, ko natwok ya ɗauke. A rubuta nan take, ba da dare daga ka ba. Bashi a ware shi gefe, ba ciniki ba ne sai ya dawo. Yawan mutane yana da muhimmanci ƙwarai: kwano 36 ga mutum 25 dabam yake da kwano 36 da mutum ɗaya mai gidan burodi ya kwashi goma a ciki.

Awon kansa ma yana yaudara. Hannunka da hannun ƙaninka ba ɗaya ba ne, wani yana tozo wani yana shafewa. In aka yi tozo kaɗan a kowane kwano, buhun da ya kamata ya ba da 20 sai ya tsaya a 19, kuɗin kwano guda cur ya tafi, kusan rabin ribar buhun ke nan. Kwano ɗaya za a yi amfani da shi, a ɗora a sikeli a san nauyinsa, kuma duk buhun da ya ƙare a lissafa kwano nawa ya bayar. Tauye mudu kuwa ba ya cikin abin da ake gwadawa, wannan Suratul Muɗaffifina ta gama magana a kansa.

Da sakamako ya fito kada ka yi saurin murna. Buɗe tsohon littafi ka duba makonni goma da ba a taɓa farashi ba, za ka ga ciniki yana hawa da sauka da kansa. Inda aka saba ganin mutum 100 a mako, a ga 90 ko 110 ba labari ba ne. Bambancin da bai fi wannan lilo na yau da kullum ba, ba shaida ba ne. Ka kuma sa ido kan makon da ke bin makon araha. Idan ciniki ya faɗi ƙasa da yadda aka saba, to ba sababbin mutane ka samu ba, namu ne na kullum suka yi guzurin mako biyu a farashi mai sauƙi. Da yawa a nan suke ruɗuwa. Akwai kuma abin da gwajin mako takwas ba zai nuna maka sosai ba: ranar da maƙwabta suka ga ragin ya zauna, su ma za su rage, kowa ya koma kwano 30 ɗinsa da ribar 300.

Na san za ka ce me zai hana a tambayi masu saye kawai, a raba musu takardar tambayoyi irin ta makaranta. A tambaya, amma ka san nauyin amsar. Bahaushe yana da kara, in ka ce "kayanmu sun yi ko?" zai ce sun yi, ya fita ya saya a gaba. Tambaye shi abin da ya riga ya aikata: "Sukarin da ka saya na ƙarshe, a ina, nawa, kwano nawa?" Kamfanin Coca-Cola a 1985 ya sa kusan mutum 200,000 sun ɗanɗana sabon haɗi, akasari suka ce ya fi daɗi, aka janye tsohon, jama'a suka yi ca, cikin ƙasa da wata uku aka dawo da shi. Sun auna harshe, ba su tambayi abin da mutane za su ji in an raba su da abin da suka saba ba. Wa ka tambaya ma ya fi mutum nawa ka tambaya. A zaɓen Amurka na 1936 wata mujalla ta tara amsar mutum sama da miliyan biyu ta ce Landon zai ci, sai Roosevelt ya lashe jiha 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa, yawancinsu daga jerin masu tarho da masu mota ta kwaso su. Kai ma in masu shigowa shagonmu kaɗai ka tambaya, ba za ka taɓa jin dalilin waɗanda ke wucewa ba. Je ka teburan masu shayi na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da sassafe ko bayan magariba, can amsar take. Ko an zaɓi mutane 100 da ƙuri'a yadda ya kamata, amsarsu tana iya kaucewa da kusan kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. Sai an kai 400 take saukowa wajen kashi 5.

Gwajin nan yana da kuɗinsa, a san shi tun yanzu. In ragin bai ƙara ko kwano ɗaya ba, naira 100 sau 30 sau kwana 24 na aiki, 72,000 ke nan, kuɗin buhu guda. Na yarda da wannan, ban yarda da fiye da shi ba. Idan dila ya canza kuɗin buhu a tsakiya, a tsaya a sake lissafin uwar kuɗi, a riƙe tazarar naira ɗarin tsakanin farashin biyu.

Gobe ka mayar da shi 4,000. Ka sayo sabon littafi mai ganye 80 da rula, ka ja layukan nan, ranar Asabar bayan la'asar ka kawo hular mu zaro makonnin.