Tambaya da Amsa: "Sai kwastoma ya kira ni nake sanin shafina ya mutu"

Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk kuka ɗaya ne, ko shafi ya ƙi buɗewa ko netwok na jan ƙafa, don haka na zaɓo guda huɗu. Na ɗan rage tsawon wasu, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah ina da shafin intanet da nake sayar da kaya a kai, to matsalar ita ce sau uku kenan yana mutuwa ban sani ba sai kwastoma ya kira ni yace shafinka fa baya buɗewa, kuma kamfanin da nake hostin wajensu sun rubuta 99.9% a tallarsu, in na yi musu magana sai su ce su a wajensu komai lafiya lau. Ya zan yi in riƙa sani da kaina? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari mu fara da wannan 99.9% ɗin, wato kason lokacin da suka yi alkawarin shafinka zai kasance yana aiki, don mutane na ganinsa su ɗauka kamar ana nufin ba ya taɓa mutuwa. Shekara awa 8,760 ce, in ka cire kashi 99.9 abin da ya rage awa 8 ne da minti 45, wato a wata kusan minti 43. Ma'ana shafinka zai iya kwanciya minti 40 cur da tsakar rana lokacin da ciniki ya fi kankama, kuma su ba su saɓa alkawari ba. In da 99% suka ce to kwana uku da rabi ne har da ɗoriya a shekara, 99.99% kuma minti 52 da 'yan sakanni. Ka ga kowane 9 da aka ƙara ba ado ba ne.

Sannan da suke cewa a wajensu lafiya lau, mai yiwuwa ba ƙarya suke ba. Su injin sabar, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kai, suke kallo, yana kunne yana amsawa, shikenan. Amma saba na iya zama a kunne alhali ma'ajiyar bayananka ta tsaya, ko wani fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi) da ka sabunta jiya ya rikita komai, ko satifiket ɗin tsaro na SSL ya ƙare burauza ta fara tsorata mutane da jan gargaɗi. Wannan na ƙarshen yana kama mutane sosai, satifiket ɗin Let's Encrypt, ɗaya daga cikin masu ba da shi, kwana 90 yake yi kuma da kansa ya kamata ya sabunta, ranar da sabuntawar ta maƙale babu wanda zai ji ƙara.

Abin da kake bukata shi ne ɗan sintiri daga waje. Akwai irinsu UptimeRobot da Pingdom da StatusCake, aikinsu kawai su riƙa ƙwanƙwasa shafinka lokaci-lokaci, in bai amsa ba su turo maka imel ko saƙo a waya. UptimeRobot na kyauta duk minti 5 yake dubawa, sai dai ka sani in shafin ya faɗi na minti 3 ya tashi tsakanin dubawa biyu ba zai gani ba. In kana da hannu a harkar kuma akwai Uptime Kuma da zaka ɗora da kanka, amma don Allah kar ka ɗora shi a kan sabar da shafin yake, in ta mutu tare zasu mutu, wa zai kawo maka labari? Ko Facebook abin ya taɓa cin su ta wannan ɓangaren, ranar 4 ga Oktoban 2021 da suka ɗauke na kusan awa shida tare da WhatsApp da Instagram, da yawa daga kayan aikin da injiniyoyinsu zasu binciki matsalar da su suma sun tafi tare da netwok ɗin.

Wani abu da zan jaddada, kar ka tsaya a "shafi ya amsa". Saba tana dawo da lamba duk lokacin da aka nemi shafi, 200 na nufin lafiya, 404 babu shafin, 500 wani abu ya fashe a ciki, 502 da 504 kuma galibi sabar gaba ce ta nemi ta baya ta samu shirme ko ta gaji da jira, 503 aiki ya yi mata yawa ko ana gyara. Amma akwai lokacin da shafi zai dawo da 200 kuma fari fat ne ba komai a ciki. Don haka ka saita ɗan sintirin ya nemi wata kalma da ka san dole tana cikin shafin, misali sunan wani kaya da yake fitowa daga ma'ajiyar bayanai, in bai ganta ba ya ɗauka an faɗi. Kuma ka sa masa shafin biyan kuɗi daban, ba shafin farko kaɗai ba, tunda can ne abincinka yake. Bayan wata ɗaya zaka samu rahoto mai kwanan wata da awa da minti da lambar kuskuren, shi zaka tura wa masu hostin, zaka ga yadda maganar zata canza.

TAMBAYA: Malam ni ce aka ɗora wa kula da intanet ɗin ofis ɗinmu, ba wai na karanta ba kawai dai na fi kowa ɗan sani, mu 14 ne. In na yi Speedtest sai ya nuna 50 Mbps amma in ana mitin ta bidiyo sai murya tana yankewa hoto na daskarewa, oga kullum ni yake kallo. Mu ƙara kuɗi a ƙaro mana gudu ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, kuma kar ku ƙara ko sisi tukuna. Wannan lambar ta 50 faɗin hanya take gaya miki, wato yawan kayan da zai iya wucewa a sakan ɗaya, kuma ma megabit ne ba megabait ba, sai kin raba da 8, fayil zai sauko da kusan MB 6 a sakan. Kiran bidiyo bai damu da faɗi sosai ba, 'yan megabit kaɗan sun ishe shi. Abin da ke kashe shi uku ne, jinkirin zuwa da dawowa, da rawar jinkirin wato yanzu milisakan 30 an jima 400, da kuma ƙunshin bayanai da ke ɓacewa a hanya. In kina sauke fayil ƙunshi ya ɓace za a sake turowa ba zaki ma lura ba, amma magana ba ta jira, kalmar da ta ɓace ta tafi kenan.

Kayan aikin yana cikin kwamfutarki tuntuni, sunansa ping, tun 1983 wani Mike Muuss ya rubuta shi kuma har gobe da shi ake farawa. Ki buɗe Command Prompt a Windows a daidai lokacin da matsalar ke faruwa, ba da sassafe kafin kowa ya zo ba, ki rubuta ping -n 100 sai adireshin rawutarku, wato na'urar da ke raba muku intanet a ofis, yawanci 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1. Zai aika saƙo ɗari ya gaya miki nawa suka dawo da kuma milisakan nawa kowanne ya ɗauka. In kwamfutar da waya aka jona ta ya kamata ki ga milisakan 1 ko ƙasa, ta wayifai kuma 'yan ƙalilan. In tun a nan kika ga ɗaruruwa ko wasu suna ɓacewa to ɓarawon a cikin gida yake, babu ruwan kamfanin intanet. In nan lafiya, sai ki maimaita da 8.8.8.8 wanda na Google ne. In shi ne ke rawa to matsalar daga rawuta zuwa waje take, sai ki bi da tracert 8.8.8.8 ya jero miki zangon da saƙon ke yadawa ɗaya bayan ɗaya ki ga daga inda lambobin suka fara kumbura. Kar taurarin da zaki gani a wani layi su tayar miki da hankali, wasu na'urorin a hanya kawai ba sa amsawa ne, in dai layukan bayansu lafiya to ba komai.

In zan yi caca, kuma ba na yi, zan ce ɗayan biyu ne. Ko dai wayifai, mutum 14 kowa da kwamfuta da waya a kan 2.4 GHz ga na maƙwabta suna ta karo da juna, nan maganin ku koma 5 GHz in rawutar na da shi, kwamfutar da ake mitin da ita kuma a ja mata waya kawai a huta. Ko kuma ɓangaren turawa ne ya cika, don layuka da yawa saukewa ke da faɗi turawa kuwa siririya ce, mutum ɗaya wayarsa ta fara kwashe hotuna da bidiyo zuwa Google Photos ko iCloud shi bai ma sani ba, sai layi ya taru a rawuta muryar oga ta bi sahu tana jira. Ki bar ping yana gudana ki tura babban fayil da gangan ki gani, in lambar ta yi tsalle kin kama shi, sai a duba saitin QoS a rawutar, wato inda ake zaɓar abin da zai fara wucewa, a ba kira fifiko.

Akwai jinkirin da ba mai iya cirewa dai. Haske a cikin wayar faiba kusan kilomita 200,000 yake yi a sakan, kenan duk kilomita 1,000 zuwa da dawowa milisakan 10 ne ko da komai na tafiya daidai. In kuma layinku ta tsohon samfurin tauraron ɗan'adam ne mai nisan kusan kilomita 36,000 to ki sa ran kusan 600, ko nawa kuka biya.

In kina so ki daina zama mai kashe gobara, ki roƙi a ba ki wata tsohuwar kwamfuta ki sa mata Zabbix ko LibreNMS, ko PRTG da ke da na kyauta har ma'auni 100, su riƙa tambayar rawuta da suwic (akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa) halin da suke ciki ta SNMP, wato hanyar da ake tambayar irin waɗannan na'urori, suna zana miki jadawali dare da rana. Ranar da aka ce "jiya da ƙarfe uku netwok ba kyau" sai ki buɗe ki ga me ya faru ƙarfe ukun.

TAMBAYA: Shafina a kwamfutata nan take yake buɗewa amma mutane na cewa yana da nauyi a waya. Ko dai wayoyinsu ne?

AMSA: A'a malam, kwamfutarka ce ke yi maka daɗin baki. Ka buɗe shafin sau ɗari, burauzarka ta riga ta adana hotuna da sauran tarkace, baƙo kuwa daga farko zai sauke komai, a waya mai ƙaramin ƙarfi, wataƙila da sabis sanda biyu. Ka sa adireshin a PageSpeed Insights na Google ka duba ɓangaren waya. In shafin na da isassun maziyarta zai nuna maka abin da masu Chrome na gaske suka gani cikin kwana 28 da suka wuce, wannan ya fi makin nan mai launi da kowa ke bi muhimmanci. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin sakan 2.5, in an taɓa maɓalli ya motsa cikin milisakan 200, kuma ga kashi 75 na ziyarori ake so haka ta kasance ba ga mai sa'a ɗaya ba. Sau tari hoto ne mai laifin, an ɗauko shi daga kyamara MB 4 ko 5 an watsa yadda yake. Ka rage girmansu ka mayar da su WebP, wani samfurin fayil ɗin hoto mara nauyi, ka cire fulogin da ba ka amfani da su, sannan ka sake aunawa kafin ka fara tunanin CDN irin Cloudflare, wato masu ajiye kwafin shafinka a sabobi kusa da maziyarta.

TAMBAYA: Malam na bi shawarar wani na sa abin sa ido a sabobinmu guda uku, yanzu kuma an yi gudun gara an faɗa gidan zago, saƙo sama da hamsin a rana har cikin dare, matata ta ce ko ni ko wayar. Jiya na kashe ƙarar gaba ɗaya.

AMSA: Uwargida ta fi ka gaskiya, amma kashe ƙarar ba shi ne ba, don ranar da na gasken zai zo shi ma shiru zai shigo. Ka zauna da saƙonnin mako guda ka tambayi kanka a kan kowanne, da ya zo me na yi? Duk wanda amsar ita ce ba komai, ka cire shi daga masu ƙara. Firosesa ta taɓa kashi 90 na rabin minti ba labari ba ne, aikinta take yi, in ta zauna a can minti 15 kuma shafi ya fara nauyi to wannan magana ce. Ka saita kar a kira ka sai an gwada sau biyu ko uku a jere an kasa, in da hali daga wurare biyu daban, don wani lokacin hanyar ɗan sintirin ce ta samu matsala ba taka ba.

Sai ka raba su gida biyu. Abin da ke taɓa mutane yanzu-yanzu, shafi ya faɗi, biyan kuɗi ya ƙi, kuskuren 500 ya yi yawa, wannan ya tashe ka ko ƙarfe nawa ne. Abin da zai iya jiran safiya, faifai ya kai kashi 80, satifiket saura kwana 14, ajiyar bayanan daren jiya ba ta kammala ba, wannan ya tafi imel ka gani da safe. Kuma tunda ka ce "sabobinmu" ina zaton ba kai kaɗai ba ne a wajen, ku raba kwanan, wannan makon wayarka mako mai zuwa ta wani.