Tambayoyinku: Ƙafafun ƙarfe da yumɓu a mafarkin Nebukadnezzar

Tambaya: Malam, na karanta a littafin Daniyel sura 2 yadda sarki Nebukadnezzar ya yi mafarkin wani ƙaton mutum-mutumi mai ƙafafu gauraye da ƙarfe da yumɓu. Wani mai wa'azi ya ce mana Tarayyar Turai ake nufi. Shin haka ne? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, Daniyel ya fayyace cewa sassan mutum-mutumin mulkoki ne da za su biyo juna, kan zinariya kuwa shi ne Nebukadnezzar sarkin Babila, amma bai kama sunan sauran mulkokin ba, shi ya sa masu fassara suka rabu. Magabata irin su Jerom, malamin Ikkilisiya na dā, sun ce mulki na huɗu, wato na ƙarfe da ƙafafun nan, Roma ce, masana da yawa a yau kuwa suna ganin daular Girkawa ce. Ban ga hujjar jingina ayoyin ga Tarayyar Turai ba, kuma yana damuna yadda ake yi wa mutane wa'azin hasashe kamar shi ne nassi.

Aya ta 43 ta ce masu mulkin za su gauraya ta hanyar auratayya, amma ba za su manne wa juna ba. Duk wadda ta taɓa zama kusa da maginiyar tukwane ta san dalili: in an soka ƙusa cikin ɗanyen yumɓu, yana bushewa yana tsukewa, har ya tsage daidai inda ƙarfen yake.

Tarihin daular Girkawa ya nuna irin wannan auratayya. Bayan mutuwar sarkinsu Iskandari Mai Girma a Babila a shekara ta 323 kafin haihuwar Almasihu, jarumansa suka raba daular, gidan Talomi ya riƙe Masar, gidan Selukas kuma ya riƙe Siriya, suka yi ta gwabza yaƙi. Wajen shekara ta 252, Talomi na Biyu ya aurar da 'yarsa Barniki ga Antiyokus na Biyu na gidan Selukas don a sulhunta, shi kuma ya ajiye uwargidansa Lawudiki saboda amarya. Da Antiyokus ya rasu a 246, magoya bayan uwargidan suka kashe Barniki da ɗanta, ɗan'uwanta Talomi na Uku kuwa ya ɗauro yaƙi daga Masar don ɗaukar fansa. Ki buɗe sura 11 aya ta 6, za ki tarar da wannan aure na 'yar sarkin kudu (Masar) da sarkin arewa (Siriya).