Kafin ka biya kuɗin mutum-mutumin Japan, san mai gonar

Yarona, naga tambayarka, wai me yasa ƴan Hollywood da uban kuɗin da suke dashi sun kasa yin fim ɗin Robotech, wannan shirin katun na mutum-mutumi, da mutane na gaske, ko dai kwamfuta ce ta gaza zana manyan mutum-mutumin. A'a wallahi, kwamfuta bata gaza ba, takarda ce. Kuma gara ka fahimci wannan tun yanzu kafin in fara turaka zaman ciniki kai kaɗai.

Kaga a Japan da wuya kamfani ɗaya ya mallaki shiri shi kaɗai, kamar gonar gado ce, magada da yawa kowa da kasonsa. Ɗauki Macross, shirin katun na talabijin da aka yi a Japan a 1982, shi ne tushen Robotech. Studio Nue su suka ƙirƙiro labarin da zanen jiragen nan masu rikiɗa su koma mutum-mutumi, Big West kamfanin talla ne ya tsaya musu, sannan aka jawo kamfanin katun Tatsunoko cikin aikin haɗa shirin, su kuma suka samu damar sayar dashi a ƙasashen waje. To Tatsunoko ɗin ne suka ba kamfanin Harmony Gold na Amurka lasisi. Gidajen talabijin na can suna son kashi 65 aƙalla don a riƙa haskawa kullum, Macross kuma kashi 36 ne kawai, sai aka haɗo shi da wasu shirye-shirye biyu da basu da alaƙa dashi, Southern Cross da Mospeada, aka sake labari aka kira shi Robotech a 1985, kashi 85. Dabara ce mai kyau a lokacin, ban raina musu ba.

Rigimar ta taso ne da aka zo tambayar me Tatsunoko ɗin suke dashi da har zasu sayar. Kotu a Tokyo ta yanke a 2002 cewa ainihin zanuka 41, na mutanen da na mutum-mutumin, na Studio Nue da Big West ne, a 2003 kuma ta ce haƙƙin cin moriyar shi shirin talabijin ɗin na Tatsunoko ne. Ka duba fa, faifan na wani, zanen da ke cikin faifan na wani! Kai da kazo yin sabon fim faifan bai dameka ba, zanen kake so, shi ne abin da masu kallo zasu biya su gani, shi ne za'a yi kayan wasan yara dashi, kuma kuɗin wannan harkar a kayan wasan yake.

Warner Bros sun ɗauki aikin fim ɗin Robotech a 2007, Sony suka karɓa a 2015, an ta canja marubuta da daraktoci. A ɗaya ɓangaren kuma sauran shirye-shiryen Macross da aka yi daga baya mafi yawansu sun maƙale a Japan shekara da shekaru, sai a 2021 Big West da Harmony Gold suka sasanta. Har masu kamfanin da ya ƙirƙiro BattleTech, wani wasan yaƙin mutum-mutumi, rigimar ta shafa, sun sayi izinin zanukan ta wata hanya daban, Harmony Gold ta kaisu kotu, dole suka ajiye su.

Don haka idan wani yazo maka yana cewa yana da lasisi, kar ka ce masa komai sai ya nuna maka silsilar takardun tun daga wanda ya fara riƙe alƙalami ya zana har zuwa hannunsa. Lasisin me? Haskawa, ko sabon fim, ko kayan wasa, ko sunan kawai? Wace ƙasa, shekara nawa, waƙoƙin fa na waye, don su ma sau da yawa kamfanin kiɗa ne daban ke riƙe dasu. Kuma ka karanta sashen amincewa da kyau, Japanawa basa wasa dashi, zasu so ganin zane da labari kafin a ɗauki ko hoto ɗaya, darakta mai girman kai anan yake fashewa. In takarda ɗaya ta ɓata a tsakiya cinikin biri a sama ne, ka tashi ka dawo ofis.

Gobe ka zo da wuri, akwai wani kwantiragi a tebur dina, ina so ka nemo min inda silsilar ta yanke da kanka.