Amsa ga amaryarmu kan naman layya

Salama gare ku 'yan'uwa. Na ga tambayar 'yarmu amarya tun daren jiya, wadda ta ce wata huɗu ke nan da aka kawo ta Damagaram, maƙwabta gida uku sun aiko mata da naman layya, wata 'yar'uwarmu Kirista ta ce kada ta kuskura ta ci don naman hadaya ne, shi ne ta mayar da kwano ɗaya, sauran biyun suna nan a rufe ta rasa yadda za ta yi da su. Na so in amsa a daren sai wuta ta ɗauke, waya kuma ta mutu. To 'yata, kafin komai ki tashi ki soya naman nan da ke rufe kada ya lalace, ki sa gishiri da ɗan yaji ki bar shi cikin kitsensa, sannan ki dawo ki karanta, don maganar tawa da tsawo.

Abin da kika yi ni ma na yi shi, shi ya sa tambayarki ta hana ni barci. Sama da shekara 30 ke nan da aka turo maigidana nan garin yana mushen lakwal, wato malamin makaranta, ni kuma yarinya ɗanya da cikin fari, daga ƙauyen da kusan duk danginmu masu bi ne, ban taɓa zama cikin kartiyen da mu kaɗai ne Kirista ba. Ranar sallah na leƙa ƙofar gida na ga abin da ban saba gani ba, an feɗe raguna an buɗe su an ɗaure jikin itace biyu a gicciye, an jera su kewaye da wuta a bakin hanya, maza na zaune suna juya su suna shafa musu kitse tun hantsi har dare, hayaƙi ya rufe layin gaba ɗaya. Washegari da safe sai ga wata yarinya da sabon atamfa da lalle har gwiwar hannu, ɗauke da kwanon sha an rufe da faifai, ta durƙusa ta ce in ji Inna a kawo wa amarya. Na buɗe na ga cinya guda da hanta. Jikina ya yi sanyi, na ce mata koma ki ce an gode amma mu ba ma cin wannan. Har yau ina ganin fuskar yarinyar nan, ta tsaya ta dube ni kamar ba Hausa na yi ba, sannan ta ɗora kwanon a ka ta fita ba ta ce uffan ba.

Uwar yarinyar, wadda muke kira Hajiya, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta aiko da baƙar magana ba. Gaisuwa ce kawai ta koma ta nesa, ina kwana lafiya lau shi ke nan. Wata uku a haka. Sai uwar mijina ta zo zaman jiran haihuwata, tsohuwa ce da ta yi karatun Littafi wajen 'yan mishan tun tana budurwa, ta lura ba mai shigowa gidanmu ko ɗiban wuta, ta tambaye ni na gaya mata da alfahari ma, ina jin na tsare bangaskiya. Ta yi shiru can ta ce, to naman da kike sa wa a miya kullum wa ya yanka shi? Na ce mahauci. Ta ce da sunan wa ya yanka? Nan bakina ya mutu. Kuma gaskiya ce 'yata, duk naman da ke kasuwar Dole da tsiren bakin tasha da kilishin da muke saya mu aika wa dangi tsaraba, Musulmi ne suka yanka da bisimilla. In abin da ake faɗa lokacin yanka ne ke hana ci, to ba naman da za ki ci a garin nan sai kazar da kika yanka da hannunki.

A daren ta sa na ɗauko Littafi na karanta mata 1 Korintiyawa 10 daga aya 25, don idonta ya fara rauni. Ke ma ki buɗe ki karanta da kanki, kada ki tsaya a bakina. Korinti babban garin kasuwanci ne a ƙasar Girka, cike da ɗakunan gumaka, naman da ya rage daga yankan gumaka yana ƙarewa a kasuwa, masu bi kaɗan ne cikin garin kamar yadda muke a nan. Bulus ya san garin ciki da bai, shekara ɗaya da wata shida ya yi a can, yana nan a Ayyukan Manzanni 18:11. Me ya ce musu? Ya ce duk abin da ake sayarwa a mahauta ku ci ba sai kun yi bincike ba, gama duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. A aya 27 kuma ya ce in wanda ba mai bi ba ya gayyace ku cin abinci kuna kuma so ku je, ku ci abin da aka sa gabanku. To in Bulus ya faɗi haka a garin da ake yanka wa gumaka na dutse, ina ga maƙwabciyarki da ba ta da gunki, tana tuna ragon da Allah ya ba Ibrahim ne? Labarin yana cikin Farawa 22, mu mun karanta Ishaku ne aka ɗora bisa itacen, su suna cewa Isma'ila, mun bambanta a nan kuma ba na ɓoye wa kowa.

Na san ayar da 'yar'uwar nan ta riƙe, aya 28 ce, inda ya ce in wani ya ce maka wannan an miƙa shi hadaya ne to kada ka ci. Kada ki raina ta, tsoron Allah ne ya sa ta faɗa miki, kuma ko cikin fastocinmu akwai masu wannan ra'ayi. Amma ki karanta har aya 29, Bulus ya faɗi dalili, ya ce saboda lamirin wancan mutumin ne, ba naka ba. Naman bai canja ba. A 1 Korintiyawa 8:8 ma ya ce abinci ba ya kai mu kusa da Allah, in mun ci ba mu ƙaru ba, in mun bari ba mu ragu ba. Mu hadayarmu an gama ta sau ɗaya tak a kan gicciye, Ibraniyawa 10 ta faɗa ta maimaita, cinyar rago ba za ta ƙara mata komai ba ba za ta rage ba. Hajiya da ta aiko miki ba cewa take zo ki shiga addinina ba, cewa take ke tamu ce a layin nan, mun lissafa da ke. Shi ne abin da na mayar a kan yarinyar nan ban sani ba.

Akwai inda nake ƙi fa, kada a ce na ce a ci komai. Wata mata da muke sayen itace wajenta ta taɓa kawo mini naman baƙar akuya, ta gaya mini da bakinta cewa na girka ne an yanka wa iskoki don 'yarta, wai duk wanda ya ci ya sa hannu a neman lafiyarta. Wannan kam na ce mata ki yi haƙuri ba zan ci ba, amma zan yi wa 'yarki addu'a cikin sunan Yesu, na kuma bi ta har gida da koko na duba yarinyar. Aya 20 da 21 na 1 Korintiyawa 10 sun yi maganar irin wannan, ba a haɗa teburin Ubangiji da na aljannu. Haka kuma ba na zuwa idi, ba ma sayen rago mu ce mun yi layya. Barka da sallah kam ina yi gida gida, yara ma in ana hawa muna kai su Birni ƙofar fadar Sarkin Damagaram su ga dawakai.

Washegarin karatun nan tsohuwa ta sa na daka fura na dama da nono mai kyau, ta ce ɗauki mu je. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Na durƙusa gaban Hajiya na ce na yi kuskure, baƙunta ce da ƙuruciya. Ta yi dariya ta ce ai na san ba a gaya miki ba ne, tashi kar ki danne cikin. Da na haihu ita ta yi mini wankan jego, ita ke dama mini kunun kanwa har na yi arba'in. Kin san halin ruwan garin nan in bazara ta yi, sai famfo ya yi kwanaki bai ɗiga ba, kuɗin 'yan garuwa ya hau, in ma ruwan zai zo sai tsakar dare. Shekara da shekaru Hajiya ce ke buga mini katanga da muciya ƙarfe biyu ko uku na dare tana cewa maman yara tashi ruwa ya zo, mu fito da bido da bokiti muna tara muna hamma. Alheri danƙo ne aka ce, kuma nata ya riga nawa.

Ba na son tuna ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 amma dole in faɗa miki tunda za ki zauna nan. Bayan an sauko daga masallaci gari ya rikice saboda zanen da wata jarida ta yi a Faransa, aka ƙona majami'u da gidajen masu bi da shaguna, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka, washegari abin ya kai Yamai. Maigidana ba ya gida, ni da 'yan mata biyu da jika, muna jin ihu na matsowa. Ba ta ƙofa Hajiya ta zo ba, turmi ta kafa ta leƙo ta katanga ta ce miƙo mini yaran. Ɗaya bayan ɗaya muka tsallaka, ni da ƙafata mai ciwo har zanena ya yage. Ta zura wa 'yan matan hijabi ta tura mu ƙuryar ɗakinta bayan buhunan hatsi, mijinta kuma, tsoho da carbinsa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu ya zauna. Da matasan suka iso ya ce musu gidan nan amanata ne, sai ku fara da ni. Suka wuce. 'Yan'uwa da yawa a barikin soja suka kwana, mu kwana uku muka yi a ɗakin Hajiya muna ci kwano ɗaya. Ba ina cewa nama ne ya saye mana wannan ba, akwai waɗanda suka zauna lafiya da kowa amma aka ƙona nasu, har yau in na tuna su zuciyata na ciwo. Ina dai tambayar kaina da na ci gaba da mayar da kwano duk shekara, da wace fuska zan miƙa mata jikata ta katanga?

Tun 1924 'yan mishan na SIM suka zauna a garin nan, shekara ɗari ke nan da 'yan kai akwai masu bi a Damagaram kuma ba mu taɓa yin yawa ba. Irmiya 29:7 ya ce wa waɗanda aka kai Babila su nemi lafiyar garin da suke ciki su yi masa addu'a, don lafiyarsa ita ce tasu. Mu ba ma bayi aka kawo mu ba, garinmu ne, nan aka binne cibiyar 'ya'yana.

Sai abu ɗaya da nake roƙonki ki kiyaye. Akwai wani yaro a ikilisiyarmu da ya karɓi Almasihu danginsa suka kore shi, shi ko ƙamshin naman layya ba ya so, yana tuna masa gidan ubansa da ranar da aka fitar masa da kaya waje. In zai ci abinci gidana a makon sallah wake da shinkafa nake dafawa, naman na rufe shi a ɗaki, ban taɓa ce masa bangaskiyarka ce ba ta yi ƙarfi ba. Romawa 14:3 ta ce mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kuma kada ya hukunta mai ci. Haka za ki yi da 'yar'uwar da ta ba ki shawara, kada ki je ki yi mata gardama da ayoyi, in ta zo gidanki kada ki zuba mata a miya a ɓoye. Ki kuma yi magana da maigidanki ku zama baki ɗaya. Ke ma in kin karanta kin yi addu'a zuciyarki ba ta kwanta ba, kada ki ci don na ce, ƙarshen surar ya hana ci da shakka. Ki karɓa hannu biyu ki yi godiya, ki ba almajiran da ke zuwa ƙofarki ko wani mabukaci, amma kwano kam kada ya sake komawa da namansa.

In yaro ya kawo ki ba shi tukuici ko dala ashirin ce, ki wanke kwanon ki sa ɗan sabulu ko sukari ko goro a ciki, ba a mayar da kwano wayam. In Nowel, wato Kirsimeti, ta zo ki rama, amma ki kira maƙwabci Musulmi ya yanka miki akuyar ko kajin da hannunsa a gaban mutane, ki dafa a tukunya mai tsabta da ba ta taɓa ganin abin da suke ƙi ba, ki aika da wuri tun shinkafar na da zafi. Wani gidan za su ci wani gidan ba za su ci ba, kada ki bi diddigi.

Gidan da kika mayar wa kwano kuwa kada ki bari ya kwana uku. Ki dafa wani abu ki ɗauka da kanki, ba aike ba, ki ce wa matar gidan baƙuwa ce ke ba ki san al'adar gari ba ta yafe miki. In kunya ta hana ki, ki same ni ranar Lahadi bayan sujada wajen zumuntar mata, mu hau kabu-kabu in raka ki.