Amsa ga mai neman rigar gudu ta lokacin zafi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana fita gudu Dandalin Murtala da farar singileti irin ta cikin kaftani, kafin ka gama ta jiƙe sharkaf, hammatarka kuma ta yi ja tana raɗaɗi, shi ne kake tambayar wace riga mara hannu ta dace. Na daɗe ina gudu a garin nan na Kaduna, ga abin da na gani.

Laifin na yadin ne. Singiletin nan auduga ce, ita kuwa auduga shan gumi take ta riƙe shi. Jiki ba ya samun sanyi sai gumin ya bushe a iska, to idan riga ta ƙi sakinsa sai ta yi nauyi, ta manne, ta riƙa gurzar fata. A watan Maris, da iska ke bushe, mutum zai iya lallaɓawa da ita. Amma daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa ga zafi ga laima, ko ƙarfe shida na safe ka fita sai ka matse ta.

Nemi ta foliyesta ko nailan, mai 'yan ƙananan huji a baya da gefe, irin yadin jesin 'yan ƙwallo amma wadda ta fi shi sauƙi. Kamfanin Nike na rubuta Dri-FIT a nasu, sai dai kada suna ya ruɗe ka, jabu sun cika kasuwa. Juya rigar ka karanta 'yar takardar da ke ciki. Ni gwajin da nake yi a gaban mai kaya shi ne in ɗiga ruwa kaɗan a kan yadin. Idan ya bazu nan da nan ya fara bushewa, na saya. Idan ya tsaya cak kamar a kan leda, na ajiye masa abinsa, domin irin wannan dafa mutum take yi.

Sai ɗinki, wanda mutane ba sa dubawa alhali shi ke cin hammata. Shafa bakin hannun da yatsa ta ciki, ya kasance a shimfiɗe, ba mai tudu ba. Ramin hannun ya ɗan sauko, kada ya shaƙe ka. Rigar kuma ta ɗan saki jiki don iska ta ratsa. Ɗan man Vaseline a hammata, kan nono da tsakanin cinyoyi kafin fita yana hana gurjewa sosai.

Wajen saye, je ka Kasuwar Barci ka tona gwanjo a natse. Rigunan gudu na asali suna fitowa a dila, sau da yawa ma sun fi sababbin shago inganci. Zaɓi fara, ruwan toka mai haske ko shuɗi mai haske, ka bar baƙa sai lokacin hunturu.

Wando ma foliyesta, mai rufe gwiwa saboda al'aura, akwai su marasa nauyi. 'Yan'uwa mata da ke karantawa, wannan yadin akwai shi mai dogon hannu, har da hijabin motsa jiki, kuma ya fi auduga sanyi nesa ba kusa ba.

Don Allah ka guji rigar ledar nan da wasu ke sawa wai don rage tumbi. Ruwan jiki kawai take zubarwa, kuma a zafin Kaduna tana iya kayar da mutum.

Riga mara hannu ta gudun bayan asuba ce ko yamma liƙis. Idan dole sai rana ta ɗaga za ka fita, sa mai gajeren hannu da hular hana-salla don kare kafaɗa da fuska. Da ka dawo ka wanke ta da ruwan sanyi ka shanya a inuwa, domin foliyesta na riƙe wari idan ta kwana da gumi, kuma dutsen guga mai zafi narkar da ita yake.