Tambaya da Amsa: Muna So Mu Sa Kofi da Sunan Baba

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce a nan Tawa. Ya fi shekara 30 yana riƙe da kantin kayan masarufi a unguwarmu, yana kuma sarin albasa a Galmi ya kai Yamai. Mutum ne mai son ƙwallo da kokowa, ko ciniki ake yi rediyo na kunnensa. Ya bar mata biyu da 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya, biyu ba su balaga ba. Iyayensa sun riga shi. Samarin fadarmu suna so a sa kofi da sunansa, ni kuma ina so a rubuta tarihinsa. Za mu iya cire kuɗin daga kanti? Ta ina za mu fara? Daga babban ɗan marigayi, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi. Malam, kada a taɓa ko dala ɗaya ta kanti saboda kofi tukuna. Tun ranar da ya cika, kantin ya zama na magada, kuma akwai marayu a ciki. A shari'a, bayan kuɗin jana'iza sai bashi, sai wasiyya idan ya bari (ba ta wuce sulusi), sannan rabo. Kofi ba ya cikin jerin nan. Baligi yana iya kashe nasa kason yadda ya ga dama, amma na yaro ba mai ikon yin kyauta da shi, ko da uwarsa ce.

Ku karɓi takardar shaidar rasuwa a ma'aikatar magajin gari, ku zauna taron dangi ku fitar da wakilin magada, a kai takardar taron kotu ta tabbatar. Ba tare da ita ba, banki ba zai saurare ku ba. Sannan a rufe kanti yini ɗaya ko biyu a yi ƙidaya gaban shaidu biyu, kowane ɗaki da nasa wakili. Buhunan shinkafa na kilo 25 da na 50, jarkokin mai, katan na sukari, taliya, madara, sabulu, a rubuta komai. A yi masa kuɗi da farashin sari na yau. In aka lissafa da farashin sayarwa, dukiyar za ta kumbura a takarda, ranar rabo a nemi kuɗin a rasa, sai zargi ya faɗa kan wanda ke zaune a kanti. Gwangwanin da ranarsa ta wuce da fulawar da ƙwari suka shiga a ware su gefe, ba dukiya ba ne.

Inda aka fi samun rikici shi ne littafin bashi. Mai kantin unguwa ba ya rubuta cikakken suna. Za ku tarar da "mai gadi", "malamin lakwal", "Hajiya ta bayan masallaci", wani layin an ja masa zane, wani an ja rabi. Yaron kanti ne kaɗai ya san su wane ne, don haka ku riƙe shi da kyau, kada ku sallame shi cikin fushi. Kada kuma ku yanke layin wayar marigayi: yawancin cinikin albasa da murya ake ƙulla shi a WhatsApp, kuma can za ku ji buhu nawa ya ɗauka, wa ya biya, wa ya saura. Akwai kuma abin da ba ya cikin littafi, wato ajiya. Zawarawa, 'yan adashi, da 'yan ci-ranin da ke Abijan suna aiko wa iyali kuɗi ta hannun mai kanti, duk sukan bar amana gun irin Baba. A yi shela a masallaci Juma'a biyu ko uku, mai bi da wanda ake bi su zo. Wanda ya zo da da'awa babu shaida, a kai maganarsa gaban malami ko alƙali, kada a biya don kunya, kada kuma a kore shi.

Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ce bayan an biya komai an sami sefa miliyan 2 da jika 400 (jika ɗaya sefa dubu ce). Matan biyu suna da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, jika 300, kowace 150. Saura jika 2,100 a raba kashi bakwai: kowane namiji 600, mace 300. Daga naka 600 ɗin, da abin da abokan kasuwancinsa suka ba da don Allah, za a yi kofi. Bashin talakawan unguwa ma haka yake: kana iya yafe naka kason, kuma a ganinmu wannan ya fi kofi kusa da halin mai kanti da ya shekara 30 yana ba da shinkafa sai ƙarshen wata.

To, kofin. Ku fara da ƙungiya takwas, wanda aka ci ya fita. Wasa bakwai ke nan, sati ɗaya ya isa. Ƙungiya 16 wasa 15 ne, kuma a nan ne kuɗi kan ƙare kafin a kai ƙarshe. Ku sa shi lokacin sanyi, Disamba ko Janairu. Zafin Afrilu da Mayu a Adar, yankin Tawa, ba na gudu ba ne. Tsakanin la'asar da magariba lokaci kaɗan ne, sai a yi minti 30 sau biyu, in an yi kunnen doki a tafi bugun fenareti kai tsaye. Ana bukatar izinin ma'aikatar magajin gari, sanar da 'yan sanda, ƙwallo uku ko huɗu, raga, toka ko farar ƙasa ta zana fili, ruwan sha, da ma'aikacin lafiya ɗaya da akwatin magani. Alƙalan wasa ku nemo su daga hukumar ƙwallo ta jiha, a biya su wasa-wasa. Ɗan unguwa in ya busa usur, ko gaskiya ya yi ba za a yarda ba.

Abin da ke watsa irin wannan gasa shi ne sojan haya. Ƙungiya ta ci wasan farko da yaranta, ranar kusa da ƙarshe sai ga baƙin fuska uku. Maganinsa tun ranar ƙuri'a: kowace ƙungiya ta kawo suna 18 da hoto, kyaftin ya sa hannu, ba ƙari bayan nan. A rubuta kuma ko kofin na tafiya ne har abada ko ana dawo da shi baɗi. Kyauta ta kuɗi a rage ta. Riguna da ƙwallo sun fi daɗewa, sun kuma fi kawo zaman lafiya.

Kokowa kuwa Tawa ba baƙuwa ba ce a gare ta, a nan aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975. Sai dai tana cin kuɗi fiye da yadda ake zato: yashi, makaɗa, maroƙa, masaukin 'yan kokowa da abincinsu, ga kari da ake yi wa wanda ya kayar. A shekarar farko ku tsaya ga ƙwallo.

Tambaya: Mu ma kakanmu ɗan kasuwa ne a kasuwar Katako, Yamai. Takardarsa ba ta nuna ranar haihuwa ba, shekara kawai aka ƙiyasta. Yaya za mu jera tarihinsa? Daga wata jika, Yamai.

Amsa: Malama, wannan amsa ta haɗa da mai tambayar farko. Kada ki tambayi tsoho "a wace shekara?" Tambaye shi "kafin me, bayan me?" Ga turaku da kowane ɗan kasuwar Nijar ke tunawa: fari da yunwar 1973 zuwa 1974, hawan Seyni Kunce a Afrilun 1974, gobarar Babbar Kasuwar Yamai a 1982, yunwar 1984, rasuwar Kunce a 1987, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Mai son ƙwallo kuma ba zai manta 2012 ba, zuwan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, gasar cin kofin Afirka karon farko. In aka ce ya buɗe rumfa shekara biyu bayan gobara, kin sami shekara.

Ki fara da mafi tsufa, ki ɗauki murya da waya bayan kin nemi izini, kowa shi kaɗai, don a taro babba ne ke magana saura su gyaɗa kai. Bayan iyali ki nemi uban gidan da ya fara ba shi kaya, yaran da ya yaye, da maƙwabcin rumfa. Rasiɗin patanti (harajin kasuwanci), fasfon aikin hajji da bayan tsofaffin hotuna duk suna ɗauke da kwanan wata. Sunayen masu cin bashi kada su shiga rubutun. Ki ɗauki hoton kowace takarda, ki aika wa mutum biyu cikin dangi, a kuma buga kwafi a takarda a sa cikin leda saboda gara.